Shinge da mayafi: yadda ake gina su a manhajar zanen bekta

Duk wanda ya taɓa kai aikin kalandar biki ko fostar siyasa Shomolu, unguwar masu bugu a Legas, ya san kalmar PowerClip, ko da bai san ma'anarta ba. Za ka miƙa hoton ango da amarya, ka ce a sa su cikin da'ira, mai zanen ya ce bari ya yi masa PowerClip. Sunan da CorelDRAW ya ba abin ke nan. A Illustrator da Ctrl+7 ake yi, Inkscape kuwa ya samu wannan damar a fitowa ta 0.44, a 2006. Saboda haka in kana gina manhajar zane don masu buga lakabin buhun shinkafa a Agege, ko masu yanka sitikar Keke da danfo, wannan yana cikin abubuwan farko da za su nema, kuma da shi za su auna ko aikinka ya nuna.

Abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa. Na farko mu kira shi shinge, shi ne SVG, tsarin fayil na zanen bekta (zane da layuka da siffofi, ba da fiksel ba), ke kira clipPath: siffa ce da ke cewa abin da ke cikina a gani, abin da ke waje a ɓoye, babu tsaka-tsaki. Na biyu mayafi, wato mask a SVG: shi hoto ne da ke faɗa wa kowane fiksel yawan hasken da zai ratsa, daga sifili zuwa ɗaya. Shinge lissafin siffa ne, yana da arha. Mayafi lissafin fiksel ne, yana cin RAM.

Dukkansu ɓoyewa suke yi, ba yankewa ba. Abin da aka ɓoye yana nan daram cikin fayil, kuma kowane sashe na manhajarka, daga mai zaɓar abu da linzami zuwa mai fitar da PDF, sai ya yanke shawara ko zai gan shi ko ba zai gani ba. Yawancin kurakuran wannan aiki daga sashen da aka manta a tambaya suke fitowa.

Ma'ajiyar bayanai tukuna

Tun ran gini tun ran zane. Kada ka taɓa ainihin ƙullayen siffar da aka yi wa shinge, wato ɗigogin da layinta ke bi. Ba kowane abu a bishiyar takarda gurbi biyu, na shinge da na mayafi, kowanne yana nuni zuwa wani abu da ke ajiye a gefe, kamar yadda SVG ke ajiyewa cikin defs, sashen ajiya na fayil:

<clipPath id="daira1"><circle cx="150" cy="150" r="120"/></clipPath>
<image href="ango.jpg" width="300" height="400" clip-path="url(#daira1)"/>

Tunda nuni ne, abubuwa da yawa na iya raba shinge ɗaya. Riƙe ƙidayar masu amfani da kowanne. Idan mai zane ya kwafi hoton sannan ya gyara da'irar kwafin, sai ka fara yi wa shingen nasa kwafin kafin ka taɓa shi. In ba haka ba zai ga na asalin ma ya canza a ɗaya gefen shafin. Idan ƙidaya ta koma sifili, kada ka goge nan take, domin umarnin komawa baya zai nemi abin. Share marayun a lokacin adanawa, ko ka ba mai aiki maɓallin tsaftace takarda.

Umarnin sa shinge kansa ayyuka uku ne: cire siffar sama daga inda take, saka ta a ma'ajiya, ɗaura nunin. Ka haɗa su su zama mataki ɗaya a tarihin komawa baya. Ka kuma ajiye launin siffar da kaurin layinta yadda suke, duk da shinge ba ya amfani da su, saboda ranar da aka ce a saki shingen mai zane yana son siffarsa ta dawo kamar yadda ya bar ta.

Inda hoto ke tsallakewa ya bar shingensa

Nan ne wurin da ya fi cin lokaci, don haka a tsaya sosai. A SVG, shinge yana rayuwa ne cikin ma'aunin abin da ya kira shi, har da juyi ko faɗaɗawar da ke jikin abin. Siffar da mai zane ya ɗora a sama kuwa tana cikin nata ma'aunin, wataƙila ma cikin wani rukuni dabam. In ka ɗauke ta ka jefa cikin clipPath haka nan, da'irar za ta faɗa wani wuri, hoton ya ɓace ko a ga kunnen ango kaɗai.

Gyaran shi ne: ɗauki matriks ɗin, wato jadawalin lambobin juyi da matsi, da ke kai siffar zuwa ma'aunin shafi, ɗauki na hoton, juya na hoton ya zama kishiyarsa, ka ninka su. Sakamakon shi za ka rubuta a jikin siffar a cikin shingen. Kafin ka nemi kishiyar, duba ditaminan, lambar da ke nuna ko matriks ɗin na da kishiya. Idan ya kusa sifili, wato an matse abin har ya zama layi, ka ƙi yin umarnin ka faɗa wa mai aiki dalili. Raba lamba da sifili a nan yana haifar da NaN, wato sakamakon da ba lamba ba, kuma NaN in ya shiga fayil sai ya bi duk lissafin da ya taɓa.

Sai matsar da abu. In manhajarka tana rubuta matsi cikin transform, shinge zai bi shi da kansa. In kuwa tana narkar da matsin cikin lambobin ƙullaye don fayil ya yi tsabta, dole ka yi wa shingen irin wannan lissafin, da mayafin ma. Mai gina manhaja kan gyara wannan ga matsi ya manta da juyi da kifewa. Sa shi a aiki guda da duk sauye-sauye ke bi ta cikinsa.

Akwai hanya ta biyu ta awo, objectBoundingBox, inda sifili zuwa ɗaya ke nufin faɗi da tsayin akwatin da ya kewaye abin. Akwatin nan ba ya lissafa kaurin layin gefe. Layi miƙaƙƙe a kwance tsayinsa sifili ne, ko da kaurinsa ya kai fiksel 20, don haka duk abin da aka auna da akwatinsa rushewa yake yi. Abin takaicin shi ne ƙimomin asali, waɗanda ake amfani da su in ba a faɗa ba, ba su daidaita ba: clipPathUnits yana farawa da userSpaceOnUse, maskContentUnits ma haka, amma maskUnits yana farawa da objectBoundingBox. Filin mayafi kuma, in ba a faɗa ba, yana farawa daga -10% ya kai faɗin 120%. Ɗauki murabba'i mai faɗin 20 da layin gefe mai kauri 10: layin ya fita waje da 5, filin mayafi ya ba da rarar 2 kacal, an datse 3 a kowane gefe. Idan manhajarka ce ke rubuta fayil, rubuta maskUnits="userSpaceOnUse" da filin da ka lissafa daga akwatin da ya haɗa da layin gefe. Idan karantawa kake yi, bi ƙa'idar ko da ba ta yi maka daɗi ba, don abin da Chrome da Firefox za su nuna ke nan.

Zana shinge

In siffa ɗaya ce a ciki, aikin gajere ne. A laburaren zane na Cairo: cairo_save, shimfiɗa layin siffar, saita ƙa'idar ciko (yadda ake gane ciki da wajen siffa), cairo_clip, zana abin, cairo_restore. A laburaren Skia clipPath ne tsakanin save da restore. A kanbas na burauza ctx.clip. Duk ukun shinge ƙanƙancewa kawai yake yi, kowane sabo yana rage filin da ya rage, kuma restore ne ke dawo da na baya. Ka guji cairo_reset_clip a tsakiyar zane, yana share har shingen rukunin da ke sama da kai.

Ƙa'idar ciko a nan clip-rule ce, ba fill-rule ba. Lokacin da kake mayar da siffa shinge, kwafi ƙimar fill-rule ɗinta zuwa clip-rule. Wanda ya manta na iya ganin siffa mai rami, irin zobe ko harafin ɗ da aka mayar layi, ta toshe ta zama dunƙule.

Siffofi biyu ko fiye a shinge ɗaya su ne tarkon. Ƙa'idar SVG ta ce a haɗa su: duk inda ɗaya ta rufe, a gani. Kiran cairo_clip sau biyu yana ba da akasin haka, inda suka haɗu kaɗai. Ɗinke su su zama layi guda ma bai tsira ba. Da ƙa'idar ciko ta evenodd, inda suka hau juna sai ya zama rami. Da nonzero, in ɗaya ta zagaya ta dama ɗaya ta hagu, ɗaya da ban-ɗaya sun ba da sifili, rami ya sake fitowa. Mafita biyu ce. Ko ka haɗe siffofin da lissafi na gaske, irin wanda PathOps na Skia ke yi, ko ka buɗe allon wucin gadi mai bayit ɗaya ga kowane fiksel, ka cika kowace siffa a kai da tata ƙa'idar, ka yi amfani da allon kamar mayafi. Ta biyun ba ta karyewa, ita ya kamata a fara da ita. Ta farkon a ƙara daga baya don sauri.

Wasu ƙananan dokoki da ake tuntuɓe da su: rukunin g ba ya halatta kai tsaye cikin clipPath; shinge marar komai a ciki yana ɓoye abin gaba ɗaya; nuni zuwa shingen da babu shi kuwa ana watsi da shi, a zana abin cikakke. Shinge na iya samun nasa shingen, a nan ne ake ɗaukar inda suka haɗu. Wannan ya buɗe ƙofar zagaye, A na kiran B, B na kiran A. Riƙe jerin waɗanda kake ciki a halin yanzu, ka tsaya da zarar suna ya maimaitu, don fayil ɗaya lalatacce da aka turo ta WhatsApp ya isa ya rufe manhaja.

Farin zare a bakin hoto

Don gefe ya yi sumul, fiksel ɗin da layi ya ratsa ana ba shi rabin launi. Yanzu ka ce gefen hoto ya faɗi daidai kan gefen shinge. Hoto ya ba da 0.5, shinge ya ba da 0.5, an ninka an samu 0.25. Gefen ya kode. Haka in an jera guntaye biyu masu shinge suna taɓa juna: na farko ya rufe rabi, na biyu ya rufe rabin abin da ya rage, jimla 0.75, kashi ɗaya cikin huɗu na bango yana leƙowa. Shi ne siririn farin zaren da abokin ciniki ke nunawa da yatsa a kan tabbacin bugu.

Babu maganin da ya kashe shi kwata-kwata, sai ragewa. In shingen murabba'i ne da bai karkace ba, manna shi kan iyakar fiksel ka kashe sulɓin gefen. In da hali, sa abin da ke ciki ya zarce shinge da ɗan kaɗan, kamar yadda masu bugu ke barin rarar milimita 3 a bakin takarda kafin a yanka. Wajen fitar da PNG kuwa ana iya zanawa da girma ninki biyu ko huɗu sannan a rage.

Zana mayafi

Jerin aikin a SVG ba ya canzawa: tace-tace irin dusashewa tukuna, sai shinge, sai mayafi, sai shara-shara na abin gaba ɗaya. Wanda ya sa shinge kafin dusashewa zai ga inuwa ta malalo waje.

Buɗe allo na farko, wanda komai nasa sifili ne, ka zana abin a kai. Buɗe na biyu, shi ma fanko, ka zana abin da ke cikin mayafin, a tsare cikin filinsa. Mayar da kowane fiksel na allo na biyu lamba ɗaya: ja sau 0.2125, kore sau 0.7154, shuɗi sau 0.0721, a tara, a ninka da alfa, wato lambar da ke nuna yadda fiksel ke rufe abin da ke bayansa. Ninka allo na farko da wannan lambar, ka ɗora sakamakon kan shafi. A Cairo cairo_push_group da cairo_mask ne ke ɗaukar nauyin, sai dai cairo_mask alfa kawai yake dubawa, don haka mayar da haske zuwa alfa aikinka ne. Skia tana da SkLumaColorFilter, a haɗa da kDstIn, wanda ɗaya ne daga hanyoyin haɗa hoto da Porter da Duff suka tsara a 1984.

Lambobin nan suna bayyana ƙorafin da za ka riƙa ji. Mai zane ya sa jan mayafi yana zaton zai nuna komai, sai ya ga kashi 21 cikin ɗari. Shuɗi ya fi muni, kashi 7. Fari ne kaɗai ke buɗewa duka. Yana da kyau manhaja ta nuna mayafi da launin toka yayin gyara, mutum ya ga abin da injin ke gani.

Kuskuren da ya fi ɓuya shi ne ninka alfa sau biyu. Allon ARGB32 na Cairo yana ajiye launi an riga an ninka shi da alfa. In ka lissafa haske daga waɗannan lambobi, alfa ta riga ta shiga. Ka sake ninkawa, fari mai rabin shara-shara ya ba da 0.25 maimakon 0.5, duk narkewar launi ta yi duhu da wuri. In kana lissafi da cikakkun lambobi don sauri, yi amfani da 54, 183 da 19, a raba da 256. Jimlarsu 256 ce cif, don haka fari tas yana ba da 255. In jimlar ta gaza da ɗaya, hoton da ya kamata ya rufe bango ruf zai riƙa yoyo.

Ka kuma duba color-interpolation. A sRGB, wanda shi ne na asali, toka mai 128 tana ba da kusan rabi. In fayil ya ce linearRGB, tokar nan tana ba da kusan 0.22. Sannan akwai mask-type: in ya ce alpha, tsallake lissafin haske gaba ɗaya.

RAM

Takardar A4 a digo 300 cikin inci fiksel 2480 sau 3508 ce. A bayit huɗu-huɗu, kusan megabayit 35 kowane allo. Banar talla mai mita 3 da mita 1 a digo 150 ta haura megabayit 400, kuma mayafi ɗaya allo biyu yake buɗewa. Mai aiki da tsohuwar laftof mai gigabayit 4 da ya sayo a kasuwar Computer Village ta Legas ba zai kai ko'ina ba. Kada ka buɗe allo da girman shafi. Haɗa akwatin abin, filin mayafin, shingen da ke aiki da ɓangaren da ake gani a fuskar kwamfuta, ka ɗauki inda duk suka haɗu. In babu, kada ka zana komai. Wajen fitar da babban aiki, yi shi falle-falle, misali fiksel 512 sau 512. Ajiye allon mayafin da ka riga ka lissafa, ka zubar da shi idan an canza zuƙowa ko abin da ke ciki.

Abin da linzami ke gani

Ka riƙe akwati biyu ga kowane abu: na siffar asali da na abin da ido ke gani. Ma'aunin objectBoundingBox da na farko yake aiki. Hannuwan zaɓi, jera abubuwa a tsakiya da fitar da abin da aka zaɓa, duk da na biyu. In ka haɗa su, za a ce a daidaita hoto a tsakiyar kalanda, da'irar ta karkata gefe saboda an lissafa da ɓangaren da ba a gani.

A burauza, danna ɓangaren da shinge ya ɓoye ba ya taɓa abin, amma mayafi ba ya hana dannawa ko da ya ɓoye komai. A manhajar gyara zane bin wannan ga shinge daidai ne. Sai dai ka bar hanyar kamo abin da ya ɓace gaba ɗaya, ta jerin abubuwa ko yanayin nuna layuka zalla, ka kuma ba da damar shiga cikin shinge a matsar da hoto ba tare da an sake shi ba. Masu PowerClip sun saba da haka, rashinsa za su fara lura da shi.

Fitarwa, inda ɓoyewa ke daina isa

PDF ya san shinge: q, layin siffa, W ko W* ga evenodd, n, zane, Q. Mayafi ma ya shigo tun PDF 1.4 a 2001, ta SMask mai nau'in Luminosity ko Alpha. In launin mayafin toka ne, bambancin lissafin haske tsakanin injuna yana raguwa ƙwarai. Amma EPS da PDF/X-1a ba su yarda da shara-shara ba. A nan sai ka mayar da abin mai mayafi hoto, shi kaɗai da abin da ke bayansa, ka bar rubutu a matsayin layi. Rubutun da aka yi shinge da shi kuwa a mayar da shi siffa kafin ya bar kwamfutar. Injin mai bugu ba lallai yana da font mai ƙ da ɗ da ɓ ba.

Injin yanka sitika shi ne alƙalin gaskiya. Wuƙarsa layi take bi, ba ruwanta da abin da aka ɓoye. In mai karanta fayil ɗin ya yi watsi da shinge, za ta yanka har ɓangaren da ba a gani, ledar ta lalace. Don haka ana buƙatar umarni dabam mai yankewa na gaske. Mayar da layin gefe siffa tukuna. Farfasa lanƙwasar Beziye, wato lanƙwasassun layukan zanen, zuwa gajerun layuka, da kuskuren da bai wuce milimita 0.05 ba. Sannan ka nemi inda siffar da shingen suka haɗu. Hanyar Sutherland da Hodgman ta 1974 tana da sauƙin rubutawa, amma shingen dole ya zama marar loko. Tauraro ko harafi sun fi ƙarfinta. Ta Greiner da Hormann ta 1998 tana rikicewa idan ƙulli ya faɗi daidai kan layin ɗaya siffar, abin da ke faruwa kullum a zanen da aka manna kan ma'auni. Ta Vatti ta 1992, wadda laburaren Clipper ya ginu a kai, ita ce ke jure wahala. Clipper da cikakkun lambobi yake lissafi, don haka ninka milimita da 1000 kafin ka miƙa masa, ka raba bayan ya dawo. Mayafi ba shi da fassara a wurin wuƙa. Gargaɗi mai aiki ka tsallake shi.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: hoton da aka ɓoye rabinsa yana tafiya cikakke cikin fayil. Wanda ya rufe lambar asusu ko fuskar wani da shinge ya tura SVG, duk mai karɓa na iya sakin shingen ya gani. Sa zaɓin yanke hoto zuwa iyakar shinge a wajen fitarwa. Yana rage nauyin fayil ma.

Gwaji

Tarin gwajin SVG 1.1 na W3C yana da fayiloli masu suna irin masking-path-01-b da masking-mask-01-b. Fara da su. Zana kowanne da manhajarka da burauza, ka kwatanta fiksel da fiksel, ka bar rangwamen maki biyu ko uku cikin 255 saboda sulɓin gefe. Ƙara naka: layi a kwance mai mayafi, da'ira biyu masu zagaye mabambanci a shinge ɗaya, shinge mai kiran kansa, rukuni cikin rukuni kowanne da juyinsa, fari mai rabin alfa a mayafi. Sai gwajin zagayowa: sa shinge, matsar, juya, kwafa, saki, koma baya har farko, ka tabbatar fayil ɗin ya dawo yadda yake harafi da harafi. Tunda wuta na iya ɗaukewa ana tsaka da adanawa, rubuta zuwa fayil na wucin gadi sannan ka sauya masa suna, ka kuma gwada buɗe fayil ɗin da aka katse a tsakiyar defs, inda hoto ke kiran da'irar da ba ta samu shiga ba.